Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar NCAA: mu masu ɗaukar hoto da diron a Kano ta wace ƙofa za mu shigo?

Zuwa ga Darakta Janar na Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, da kuma Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkar Tsaro, tunda takardar ɗayanku ba ta aiki sai da ta ɗayan.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, Allah ya taya riƙo.

Ni mai ɗaukar bidiyo ne a nan Kano, biki da suna da walimar sauka da tallan shaguna, wani lokacin in an samu aikin fim ko na waƙa a kira ni lokeshin in ɗauko musu hoton sama. Shekarata ta bakwai kenan ina tashin ɗan jirgin nan da 'yan jarida suke cewa jirgi maras matuƙi, mu a bakin aiki diron kawai muke ce masa, yaran unguwa kuma su ce jirgin hoto. Kuma bari in faɗa da bakina tun daga farko kar a ce na ɓoye, ba ni da takardarku ko guda ɗaya. A cikin duk abokan sana'a da muke haɗuwa a wajen kamu da dina da ɗaurin aure ban taɓa ganin wanda ya zaro lasisi daga jakarsa ya nuna min ba, kuma wallahi ba taurin kai ba ne, da yawanmu mun so mu yi, mun tambaya, mun karanta abin da ake buƙata, sai kowa ya yi shiru ya koma ya ci gaba da cajin batirinsa.

Ga abin da muka karanta. A watan Mayun 2016 hukumarku ta fito ta ce daga ranar babu wanda zai sake tashin diron a sararin samaniyar Najeriya sai da izininku da kuma tantancewar ofishin mai ba da shawara kan tsaro. To madalla. Sai aka zo kan sharuɗɗa, aka ce wanda zai yi aikin kuɗi da shi sai ya zama kamfani mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, jarin hannun jarinsa kada ya gaza naira miliyan 20, ya biya naira 500,000 kuɗin duba takardu wanda ko an ba shi ko an hana shi ba za a dawo masa da su ba, ya riƙa biyan naira 100,000 duk shekara, sannan ya shigar da takardar neman tun ana saura wata shida ya fara aiki. Wata shida fa ranka ya daɗe. Ni kuwa ranar Laraba ake kirana a ce akwai biki ranar Asabar, wani lokacin ma sai ana gobe ƙawar amarya za ta tuna ba a nemi mai diron ba. Dubu ɗari biyar ɗin nan ko da mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka sa hannu a 2024 ka auna ta, albashin wata bakwai ne har da ɗoriya, balle a 2016 da albashin yake naira 18,000. Ga kuma takardar EUC, wato shaidar wanda zai yi amfani da kayan, da ake nema daga ofishin tsaro kafin ma ka shigo da jirgin ƙasar, wadda in ba ka da ita kwastan za su iya riƙe maka kaya a filin jirgi.

Na san za a ce ai an sabunta, a 2023 kun fito da sabbin dokoki har aka ware sashe na 21 don irin jiragenmu, an yi maganar rajistar duk jirgin da ya wuce giram 250, da kada a wuce ƙafa 400 a sama wato kusan mita 120, da kada jirgi ya ɓace wa idon mai tuƙa shi. Duk waɗannan na yarda da su ɗari bisa ɗari, ni ma su nake bi ba tare da kowa ya sa ni ba. Amma mai son ya karɓi kuɗi da jirginsa har yanzu hanyar tasa ta kamfani ce, satifiket na kamfani, tantancewar tsaro a Abuja, takardu da Turancin da ko wanda ya yi digiri sai ya karanta sau uku. Wanda ya zauna ya tsara abin nan ina ganin masu duba bututun mai ya hango da masu safiyo da zanen taswira, da irin su Zipline da suke kai magani da jini asibitocin karkara a jihar Kaduna, kuma su ya dace da su, jiragensu manya ne suna tafiyar kilomita da yawa ba mai ganinsu. Ni jarina gaba ɗaya kyamara biyu ne da kwamfuta ɗaya da diron ɗin da bai kai kilo ɗaya ba, da shagon haya da muke raba kuɗin wuta da mai gyaran waya. An ɗinka riga ɗaya an ce da ɗan dambe da yaron goye kowa ya saka.

Kada a ɗauka ban san me ya sa kuke tsoro ba. Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labarin rashin tsaro ba. Mun ji yadda 'yan ISWAP suka fara ɗaura abin fashewa a jikin irin waɗannan ƙananan jiragen na kasuwa suna kai wa sojoji hari a Borno a ƙarshen 2024, mun ga sanarwar da rundunar Haɗin Kai ta fitar a Janairun 2025 ta hana tashin diron a Borno da Yobe da Adamawa, kuma ban ga laifinsu ba. Har a wajen mutanen gari ma kalmar jirgi maras matuƙi ta yi nauyi tun abin da ya faru a Tudun Biri a Disambar 2023, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, duk da wancan jirgin soja ne ba ruwansa da namu, akwai ƙauyen da na je ɗaukar biki bayan nan ina kunna farfela tsofaffi suka fara janye yara suna salati, dole na sauke shi na naɗe. Saboda haka ban zo in ce a sakar wa kowa mara ba. Tambayata ɗaya ce, wannan tsarin na yanzu wa ya kama? Ɗan ta'adda dai ba zai cike fom ba, ba zai jira wata shida ba. Mu da muke da shago da adireshi da lambar waya a jikin kowane bidiyo da muka saka a Instagram da TikTok, mu da za a iya sanin sunanmu da lambar jirginmu cikin kwana ɗaya in an so, mu aka rufe wa ƙofa, sai ya zama hukuma ba ta san adadinmu ba, ba ta san me muke tashi da shi ba, ba ta san ko mun iya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma wannan bangon ku kuka bar shi a tsage.

Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne filin jirgi. Wanda bai san Kano ba zai ɗauka filin jirgin Malam Aminu Kano yana can bayan gari kamar na Abuja da sai ka yi tafiya mai nisa. A'a, gari ya riga ya haɗiye shi. Sabon Gari tana nan kusa, Nomansland, Birged, Jaba, Kurna, Bachirawa, hanyar Fanisau, duk unguwanni ne cike da mutane da gidajen biki, ga sansanin sojan sama a manne da shi ga barikin Bukavu a gefe. Mutanen Kano kuma sun san abin da ake nufi da jirgi ya faɗo cikin unguwa, ranar 4 ga Mayun 2002 jirgin EAS ya tashi daga filin nan ya faɗa Gwammaja, fiye da mutum ɗari suka rasu, har da waɗanda suke zaune cikin gidajensu ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wancan ba diron ne ya jawo shi ba, lokacin ma babu su, amma duk wanda ya ga Gwammaja a ranar ba zai yi wasa da hanyar saukar jirgi ba. To yanzu yaro ɗan shekara sha tara zai tara kuɗi ya sayi diron na hannu, wanda ya sayar masa ya nuna masa sandar hagu sama da ƙasa sandar dama gaba da baya, shi ke nan ya zama matuƙi, ranar Asabar yana can yana bin motar amarya. Na taɓa ganin wani da idona lokacin jigilar alhazai, a wata unguwa da jirage suke wucewa ƙasa-ƙasa har kana iya karanta rubutun jikinsu, ya cilla nasa sama iya ƙarfinsa wai yana son ya ɗauko unguwar gaba ɗaya da gidan ango a tsakiya. Na je na ce masa ɗan'uwa sauke abin nan, ya dube ni ya ce ai rimot ɗin bai hana shi ba. Ba mugu ba ne, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa. A Ingila a Disambar 2018 rahoton ganin diron kawai ya sa aka rufe filin jirgin Gatwick, jirage kusan dubu suka rasa tashi da sauka, fasinja wajen 140,000 suka yi cirko-cirko, su da suke da kayan aiki kenan.

Ɗaya ɓangaren kuma, tunda babu wanda yake da takarda, kowane mai kaki ya zama shi ne dokar. Shekara biyu da suka wuce wani mai shagon atamfa ya ba ni aikin talla, na sami izinin masu ginin, na hau sama da sassafe kafin kasuwa ta cika, ban fi minti shida a sama ba. Ina saukowa wasu jami'ai su uku suka tare ni, ba zan faɗi ko na wace hukuma ba ne, suka ce ina famit. Na ce wane iri? Ɗaya ya ce na Abuja, ɗaya ya ce na jiha, na ukun ya ce ai ko da famit ɗin ma nan wajen an hana. Na ce a nuna min inda aka rubuta an hana don gobe in kiyaye, aka ce ina musu gardama. Jirgin ya kwana huɗu a hannunsu, da na karɓo shi hannun kyamarar ya karye, abin da na kashe wajen karɓowa da gyara ya fi kuɗin aikin, kuma ba a ba ni rasit na ko sisi ba. Abin haushin ma ban da bakin magana, don in aka bi ta doka su ne da gaskiya, ba ni da takarda. Amma su ma na lura ba su san kamannin takardar da suke tambaya ba, da na buga wata a shagon kwamfuta na manna mata tambari da wataƙila sun sara min na wuce. Akwai abokan aikinmu da dabararsu kenan yanzu, kati mai hoto da igiya a wuya da riga mai ƙyalli, kuma tana yi musu aiki.

Yanzu bari in zo kan abin da ban gani a takardunku da na karanta an ba shi haƙƙinsa ba, kuma a wajenmu nan shi ne ya fi komai zafi, wato tsakar gida. Gidan Bahaushe daga waje katanga ce da zaure, wani har an rubuta ba a shiga a jikin ƙofa, baƙo namiji iyakarsa zaure ko da abokin maigidan ne na shekara talatin. Amma daga sama a buɗe yake. Nan mata suke girki da wanki da kitso, nan ake shanya, nan uwa take yi wa yaro wanka, da zafi nan ake shimfiɗa tabarma a kwana, kuma a cikin birni da unguwannin talakawa banɗaki da yawa ba su da rufi. Duk tsarin gidan an gina shi ne a kan cewa ido daga ƙasa yake zuwa. Shi ya sa tun muna yara in magini zai hau katanga ko mai gyaran kwano zai hau rufi, ko za a sassabe bishiya, sai an tura yaro maƙwabta ya yi sallama ya ce wai a kimtsa maza za su hau sama. Ba gwamnati ce ta kafa wannan ba, tarbiyya ce, kuma tana da tushe a addini, Suratun Nur ta hana shiga gidan mutane sai da neman izini da sallama, malamai kuma kullum suna faɗa mana ai don ido aka wajabta neman izinin. To diron ya zo ya tsallake zaure ya tsallake katanga ba sallama.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren kuma har yau in na tuna sai in ji kunya. Farkon fara aikina ne, ɗaurin aure a cikin birni, lungu ne matsattse, na ce bari in tashi daga ƙofar masallaci in ja baya a hankali yadda za a ga taron sannan a ga unguwa har Dutsen Dala a can baya, irin ɗaukar da kowa yake so. Hoto ya yi kyau ba ƙarya. Ina cikin naɗe kaya wani dattijo ya zo ya tsaya a kaina, bai ɗaga murya ba, ya ce yaro wannan abin naka yana gani ko ba ya gani? Na ce yana gani Baba. Ya ce to gidan da ya tsaya a kai ɗazu nawa ne, iyalina suna tsakar gida, wa ka tambaya? Wallahi na rasa abin cewa. Na buɗe masa hoton a waya muka kalla tare, ga su nan kuwa, ba a gane fuska sosai amma duk ɗan unguwar zai san gidan waye zai san su waye. A gabansa na goge, na ba shi haƙuri, ya ce ya haƙura amma in sani da wani ne da jifa zai sauko da shi kuma babu mai ba shi rashin gaskiya. Tun daga ranar in zan tashi a cikin unguwa sai na sami mai unguwa ko wani babba a layin, a tura yara gidajen da ke kewaye kamar yadda ake yi wa magini, in karkatar da kyamara ta kalli gaba maimakon ƙasa, wajen editin kuma duk inda tsakar gidan wani ta fito in yanke. Wannan ni na koya wa kaina bayan na sha kunya. Sauran fa? Ku shiga TikTok ku kalli bidiyon bikin cikin gari ku ƙirga tsakar gida nawa ake gani a kowane ɗaya. Muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, muna da Hukumar Tace Fina-finai a jiha tun 2001, amma matar da aka ɗauka tana wanki a gidan mijinta ba ta san ma an ɗauke ta ba balle ta san inda za ta kai ƙara, kuma jirgin ba shi da lamba a jiki da za a ce na wane ne. Ranar da irin wannan hoton zai faɗa hannun ɗan iska ya yaɗa shi, ba wanda zai tsaya bambance mai tarbiyya da maras tarbiyya a cikinmu, duk mai diron a garin nan sai ya ɗanɗana kuɗarsa.

Ga kuma taro. Hawan Sallah na Kano UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, kuma duk wanda ya ga hoton Hawan Daushe daga sama, dawakai sun jeru a Ƙofar Kudu ana shirin jafi, ya san babu tallan da za a yi wa garin nan da ya kai wannan. Amma doki ba ya son ƙarar farfela, in ka sauko masa kusa da kunne zai iya zabura cikin mutane, ga 'yan bindiga suna harba ta gargajiya hayaƙi ya turnuƙe, ga dubban mutane kafaɗa da kafaɗa. Na taɓa ƙirga diron takwas a sama lokaci ɗaya a wajen wani hawa, ba wanda ya san na wane ne wane, biyu suka kusa karo. Abin nan batir ne da farfela huɗu masu kaifi, in siginal ya ɗauke ko shirwa ta kawo masa bugu, don suna yi musamman da rani, ko ya taɓa wayar wuta cikin hazo, a kan mutum zai sauko. A irin wannan rana kamata ya yi a ce mutum biyu ko uku aka tantance, masarauta ta san su jami'an tsaro sun san su, an raba musu tsayi da ɓangare, saura kowa ya ajiye nasa ya sayi hoton a wajensu ko a yi karo-karo.

To me nake roƙo? A yi mana aji namu na ƙananan masu sana'a, mutum ɗaya da jirginsa da bai wuce kilo biyu ba, yana aiki da rana, jirgin yana gaban idonsa. A cire maganar miliyan 20 a kanmu, ai jari ba ya nuna hali, in sanin mutum ake so ga NIN ga BVN ga takardar mai unguwa, duk mun yi layi mun yi su. A shekarar nan ta 2016 da aka ɗora mana wancan nauyin, Amurka a watan Agusta ta fito da nata tsarin na masu aikin kuɗi da ƙananan diron, kuma abin da ta nema shi ne ka kai shekara 16, ka zauna jarrabawa mai tambaya 60 ka ci kashi 70, a duba sunanka ta fuskar tsaro, ka yi wa jirgin rajista da dala 5 na shekara uku ka rubuta lambar a jikinsa. Su da aka kai wa hari da jiragen sama a 2001 kenan. Ban ce a kwafo nasu ba, halinmu daban, in an ga dama a tsaurara tantancewar fiye da tasu, amma a sa mata wa'adi, a ce cikin kwana talatin za ka ji eh ko a'a. Jarrabawar kuma a yi ta da gaske, a kayar da wanda bai iya ba, kuma a yi ta har da Hausa don da yawa daga cikin gwanayen da na sani a sana'ar nan makarantar allo da sakandare suka yi, hannunsu ya fi na mai digiri amma fom ɗin Turanci mai shafi ashirin zai kore su. Ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama nan a Zariya tun 1964, tafiyar awa biyu ce daga nan, kwas na sati ɗaya ya ishe mu a koya mana hanyar jirage da iska da batir da abin yi in siginal ya yanke. Kuma a cikin darasin a saka maganar tsakar gida da neman izinin maƙwabta a matsayin sharaɗi, wanda aka kama ya karya a karɓe lasisinsa.

Sai taswira, don Allah taswira. A fitar da ta Kano a saka a intanet yadda kowa zai buɗe a wayarsa, a shafa ja a kewayen filin jirgi da barikoki da gidan gwamnati da gidajen yarin Kurmawa da Goron Dutse da duk inda kuka ga dama, ko rabin gari kuka shafa wallahi za mu bi, mu dai mu san iyakar. Inda yake buƙatar izini na musamman, kamar fada ko gadojin sama ko manyan kasuwanni irin Kwari da Kurmi, a ce ga inda za ka tura saƙo kwana biyu ko uku kafin aiki a ba ka amsa, a ofishinku na nan Kano, ba sai na hau mota zuwa Abuja na kwana a tasha saboda ɗaukar minti goma ba. Takardar da za ku ba mu kuma ta zama guda ɗaya mai lambar da jami'i zai duba a wayarsa ya ga sunana da hotona, a aika wa duk hukumomin tsaro da na jiha samfurinta su san ta, don in na biya kuɗi na ci jarrabawa sannan aka sake tare ni a ce ina ta jiha ina ta ƙaramar hukuma, to tsugune ba ta ƙare ba. Waɗanda suka riga suka mallaki jirage ba tare da EUC ba, mu ne mafi yawa, a ba da wata uku ko shida kowa ya kawo nasa a rubuta lambarsa ba kamu ba tara, in ba haka ba babu wanda zai fito da nasa. Kuɗi kuma a sa daidai abin da mai sana'a zai iya, a biya ta banki a ba da rasit, za ku sha mamakin yawan waɗanda za su zo.

Ga 'yan'uwana masu sana'a da na san za su karanta wannan kafin hukuma ta gani, mu ma da namu. Mun iya kafa guruf a WhatsApp don tallan batir da farfela na hannu amma mun kasa zama mu yi ƙungiya mai rajista da za ta je ta yi magana da yawunmu, kowa yana tsoron in ya fito shi za a fara kamawa. Ni dai ga shi na fito.

Ranka ya daɗe, Asabar ɗin nan mai zuwa akwai bikin da aka kira ni a wata unguwa da ke daidai ƙarƙashin hanyar saukar jirage. Na ce musu zan yi musu komai da kyamarar ƙasa amma ba zan tashi diron a wajen ba, na yi wa yayar amarya bayani har na gaji, ta ce to Malam mun gode za mu neme ka. Jiya na ji sun ba wani yaro aikin gaba ɗaya, shi ya ce musu ba matsala zai tashi.

Wassalam. Naka,
wani mai ɗaukar bidiyon biki, daga birnin Kano.